Me ya sa waya ba ta sanar da kai imel ɗin da ya faɗa wata folda?

Akwai wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da imel a waya, kuma na lura mutane da yawa suna fama da shi ba su san ma ciwon yana da asali ba, sai dai su ɗora wa netwok laifi ko su ce ai wayar ce ta fara gajiya. Ka zauna ka tsara akwatin imel ɗinka tsaf, ka buɗe folda ta aiki, ta banki, ta makaranta, ka kafa doka cewa duk saƙon da ya fito daga wurin wane a wuce da shi folda kaza, a kwamfuta komai ya yi kyau gwanin sha'awa, amma tun daga ranar wayarka ta yi gum a kan waɗannan saƙonni, ba ƙara ba alama, sai ranar da Allah ya sa ka shiga foldar da kanka ka ja allon ƙasa sannan ka ga sun zubo kamar an kwance bakin buhu.

Ni abin ya taɓa ci na sosai. Wani saƙo ne na aiki da aka ba da wa'adin kwana uku a mayar da amsa, ya shigo lafiya lau, filta, wato dokar rarraba saƙon nan da na kafa da hannuna, ta ɗauke shi ta kai shi foldar da na ce, ya kwana huɗu a can wayar tana aljihuna ko motsi ba ta yi ba. Na ji zafin abin ƙwarai, kuma shi ya sa na bi diddigi har sai da na gane inda gizo ke saƙar. Saƙon bai ɓata ba, bai makara ba, kwamfutar kamfanin imel ba ta yi kuskure ba. Wayar ce ba ta taɓa leƙa wurin ba, domin tun farko ba a gina ta ta leƙa ba.

To bari mu faro daga inda saƙo yake sauka. Idan aka turo maka imel ba wayarka yake fara zuwa ba, wata babbar kwamfuta ce ta kamfanin da ke riƙe maka imel take karɓa, ita ake ce wa saba. Filta iri biyu ce kuma nan mutane ke rikicewa. Akwai wadda take aiki a cikin manhajar da ke kan kwamfutarka, wato sai saƙo ya shiga inbos tukuna, manhajar ta gan shi sannan ta matsar da shi. Akwai kuma wadda take aiki a kan saba ɗin kanta, irin wadda kake kafawa a shafin Gmail ko Outlook ta burauza, ko ta cPanel, shafin da ake sarrafa akawun a cikinsa, ga masu imel ɗin kamfani ko na makaranta, ko kuma da yaren tace saƙo da ake kira Sieve wanda aka fara fitar da ƙa'idarsa a 2001 aka sabunta a 2008. Wannan ta biyun tun a bakin ƙofa take tare saƙo, kafin ya taka inbos an riga an karkatar da shi. A Sieve ma haka dokar take a rubuce, da zarar ka ce a ajiye saƙo a folda kaza to an soke ajiye shi a inbos kenan sai in ka nemi a bar kwafi. Don haka a wajen duk wanda ya zuba wa inbos ido, babu abin da ya faru a duniya.

Kuma inbos ɗin nan kaɗai yawancin manhajojin waya suke kallo. Dalilin ba lalaci ba ne kawai, ko da yake zan zo kan inda nake ganin masu manhaja sun gaza, akwai tarihi a ciki.

Hanyar da manhaja take magana da saba ta ɗauko saƙo, mafi shahara ita ce IMAP. Wani Ba'amurke mai suna Mark Crispin ne ya ƙirƙiro ta a jami'ar Stanford a 1986, lokacin ba wayar hannu irin tamu ba batir ɗin da za a yi wa tattali, kwamfuta ce a kan tebur jone da wuta. Tsarin IMAP shi ne idan manhaja ta haɗu da saba sai ta zaɓi folda guda ɗaya ta buɗe, duk hirar da za a yi a wannan layin a kan wannan foldar ce, in tana son wata sai ta saki wannan ta koma waccan. A 1997 aka ƙara wani umarni mai suna IDLE, shi ne asalin abin da ya sa saƙo ke faɗowa waya nan take ba sai ka duba ba. Manhaja za ta ce wa saba, ga ni nan na zauna ina jira, in wani abu ya shigo ki taɓa ni, sai ta bar layin a buɗe. Abu ne mai kyau wallahi, sai dai IDLE a kan foldar da aka buɗe kaɗai yake aiki. Kamar maigadi ne da aka zaunar a zaure, duk wanda ya yi sallama ta nan zai gan shi ya shiga ya faɗa wa maigida, amma gidan na da ƙofar baya da wata ƙofa ta lungu, kuma kai da kanka ka ce wa masu kawo saƙon banki su riƙa bi ta baya. Maigadi bai yi barci ba, yana nan ido biyu, kawai ba ta gabansa aka wuce ba.

Sai ka ce to a zuba maigadi a kowace ƙofa mana. Ana iya yi, kuma akwai manhajojin da suke yi, amma kowane maigadi layi ne daban da za a buɗe zuwa saba, folda goma layi goma. Nan matsala biyu ke tasowa. Ta farko saba ɗin ba ta yarda a buɗe mata layi ba iyaka. Gmail layin IMAP 15 ya yarje wa akawun ɗaya a lokaci guda, Dovecot kuma, wadda ita ce manhajar da sabobin imel masu ɗimbin yawa suke gudana a kai, a yadda take zuwa layi 10 take ba mutum ɗaya daga adireshin intanet ɗaya sai in mai kula da ita ya ƙara. Yanzu ka lissafa, ga laftof a ofis tana riƙe da nata layukan, ga waya, ga wataƙila tablet a gida, in kowacce ta ce sai ta tsare folda takwas ai tun kafin a je ko'ina saba ta fara korar wasu, sai ka fara ganin kuskuren haɗi ka rasa daga ina.

Ta biyun ita ce batir, kuma ita ta fi nauyi a waya. Layin da aka bari a buɗe ba ya zama haka kawai, ƙa'idar IDLE ɗin kanta ta ce a riƙa sabunta shi aƙalla duk minti 29 don kar saba ta ɗauka mutum ya tafi, kuma a kan datar waya sau da yawa dole a yi ta taɓa layin fiye da haka saboda na'urorin kamfanin sadarwa suna yanke layin da suka ga ya yi shiru. Duk taɓawa ɗaya sai an tashi ɓangaren wayar da ke kama netwok daga barci, shi kuma in ya tashi ba ya komawa nan take. Ka ninka wannan sau goma, ga netwok ɗinmu da ke hawa da sauka, kowane yankewa sai an sake haɗa dukkan layukan daga farko. Wanda yake zaune inda wuta ke zuwa ta ɗauke, yana lallaɓa kashi 30 na caji ya kai shi dare, shi ya fi kowa sanin me wannan ke nufi. Masu yin manhaja sun san in batir ya riƙa zuba mutum goge manhajar zai yi, to sai suka zaɓi mafi sauƙi, a tsare inbos a bar saura.

Ga kuma su kansu Android da iPhone da suka ƙara ɗaure manhajoji. Tun Android 6 a 2015 aka kawo tsarin Doze, wanda in waya ta jima a ajiye allo a kashe yake hana manhajoji taɓa intanet sai a ɗan wasu lokuta da yake buɗe musu taga, kuma aikin da manhaja ke maimaitawa a bayan fage ta hanyar da Google ya tanada ba ya yin ƙasa da tazarar minti 15. Wasu masu ƙera waya ma sun ɗora nasu mai tsimin batirin a kai wanda ya fi na Google tsanani, ya kashe manhaja gaba ɗaya da zarar ka fita daga cikinta. A iPhone kuwa manhajar da ba ta Apple ba ba a barinta ta riƙe layi a buɗe a bayan fage yadda take so, shi ya sa da yawansu sai sun kafa tasu sabar a tsakiya, ita ke shiga akwatinka tana kallo a madadinka sannan ta turo wa wayar sanarwa ta hanyar Apple. Wannan ma abin a tsaya a yi tunani ne, don ma'anarsa ka ba wani na uku mabuɗin akwatinka, kuma shi ma ɗin yana lissafin kuɗin layukan da zai buɗe wa miliyoyin mutane, ka ga inbos zai tsare.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne an daɗe da samo maganin wannan a rubuce. A 2009 aka fitar da wani ƙari ga IMAP mai suna NOTIFY, da layi ɗaya tak manhaja za ta ce wa saba ki sanar da ni duk abin da ya shigo folda kaza da kaza da kaza, ko ma dukkansu, wato maigadi ɗaya da ke ganin duk ƙofofin gida. Dovecot tana da shi. Amma abin bai yaɗu ba, masu saba suna cewa manhajoji ba sa nema, masu manhaja suna cewa ina amfanin mu sha wahalar rubuta abin da yawancin sabobi ba su da shi, kowa na jiran kowa, shekara ta fi goma sha biyar ana nan. A 2019 kuma aka fito da wata sabuwar hanya gaba ɗaya mai suna JMAP, wadda mutanen kamfanin Fastmail na Ostareliya suka ja gaba wajen tsara ta, ita tun daga tushe an gina ta ne da waya a rai, sanarwa ɗaya ke gaya wa manhaja cewa wani abu ya canja a akawun ɗin ko a wace folda ce. Ita ma har yanzu masu amfani da ita tsiraru ne in aka kwatanta da IMAP.

Kuma ko an bar maganar NOTIFY, a ganina masu manhaja ba su da cikakken uzuri. Akwai umarni mai arha a IMAP da ake kira STATUS, manhaja na iya tambayar saba saƙo nawa ne ba a karanta ba a folda kaza ba tare da ta buɗe ta ba, amsar layi ɗaya ce ta rubutu. Tun 2010 ma akwai ƙarin da ke ba da damar a tambayi dukkan folda a tambaya guda. To manhajar da take farkawa duk minti 15 ko 30 ta duba inbos, me zai hana ta yi wannan tambayar a tafiya ɗaya? In ma ba za su yi ba, aƙalla su faɗa wa mutum ƙarara cewa wannan foldar ba ma duba ta sai ka shiga. Shirun nan shi ne cutar, domin mutum yana ganin folda a jere babu lamba a gefenta sai ya ɗauka babu sabo, alhali ma'anar rashin lambar ita ce ba a tambaya ba.

Wani abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne a cikin manhaja maganar ba ɗaya ba ce, hawa-hawa ce, kuma kowane hawa da makunninsa. Akwai a nuna foldar a jeri, akwai a riƙa sauko da abin da ke cikinta lokaci-lokaci, akwai a tsare ta da layi a buɗe don saƙo ya faɗo nan take, sannan akwai a buga maka ƙara in an ga sabo. Kana iya kunna na biyu ka manta na huɗu, saƙo ya sauko waya tun safe yana nan a kwance amma ba wanda ya gaya maka. Manhajar imel ta K-9 Mail, wadda Mozilla masu manhajar imel ta Thunderbird suka karɓa a 2022 aka gina Thunderbird ta Android a kanta, ta daɗe tana raba waɗannan huɗun daban-daban ga kowace folda, wata manhajar mai suna FairEmail ma tana ba ka iko folda bayan folda, kuma wannan rabewar da take sa sabon shiga ya ji kansa ya ɗaure ita ce gaskiyar yadda abin yake aiki a ƙasa, sauran manhajoji ɓoye maka kawai suke yi su yanke hukunci a madadinka. Hawa na farkon ma yana da tarkonsa, a IMAP akwai jerin foldojin da ka yi rajista da su, wasu manhajoji su kaɗai suke nunawa, to in ka ƙirƙiri sabuwar folda ta burauza ba ta shiga wannan jerin ba, a waya ko sunanta ba za ka gani ba balle abin da ke ciki.

Masu POP3 kuwa, tsohuwar hanyar nan da har yanzu wasu ke saita imel ɗin ofis da ita, nasu ya fi muni, don POP3 ba ta san wani abu wai shi folda ba. A galibin sabobi inbos kaɗai take gani, duk abin da filta ta kawar gefe ba zai taɓa zuwa wayar ba ko shekara za ka yi kana jan allo. In aka saita maka imel ɗin wurin aiki a waya ka ga babu folda ko ɗaya sai inbos, fara duba wannan.

Gmail nasa salon daban ne kaɗan. A can ba folda ba ce ta gaske, lakabi ne ake manna wa saƙo, saƙo ɗaya na iya ɗaukar lakabi uku kuma yana zaune a inbos. Wurin da mutane ke faɗawa rami shi ne lokacin kafa filta akwai ɗan akwatin da ke cewa a tsallake inbos, da yawa muna danna shi ne don muna son inbos ya yi fes, to daga nan sanarwa ta mutu. In ka cire wannan alamar ka bar lakabin kawai, saƙo zai sami lakabinsa kuma waya za ta yi ƙara. In kuma lallai ba ka son ganinsa a inbos, a manhajar Gmail ta Android ka shiga setin, ka zaɓi akawun ɗin, ka nemi wurin sarrafa lakabi, ka taɓa wanda kake so, sai ka fara kunna sauko da saƙonninsa, na kwana 30 ko duka, sannan makunnin sanarwar lakabin zai yi aiki. Mutane da yawa suna tsayawa a rabin hanya a nan.

A manhajar Mail ta iPhone, wurin da ake saita yadda ake ɗauko sabbin saƙonni, akawun irin iCloud na Apple da Exchange na Microsoft suna ba ka damar zaɓar foldojin da za a riƙa turo maka nan take ban da inbos, amma akawun IMAP na gama-gari yawanci dubawa ake yi lokaci-lokaci, minti 15 ko 30 ko awa ɗaya. Kai ko a kwamfuta ma Thunderbird sai ka shiga bayanan folda ka yi alama a wurin da ya ce a riƙa duba ta duk lokacin da ake neman sabon saƙo, bambancin kawai a kwamfuta foldojin suna gefen allo kana yawan taɓa su shi ya sa ba ka cika lura ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da suke kama da wannan ciwon amma ba shi ba ne. Ɗaya filtar da aka ce mata ta yi wa saƙo alamar an karanta, wannan ko an tsare foldar da maigadi goma ba za a yi ƙara ba tunda a wajen manhaja ba sabo ba ne. Ɗayan kuma filtar da ke kan kwamfutar ofis ce ba kan saba ba, saƙo ya shigo inbos waya ta yi ƙara, kafin ka ciro ta daga aljihu kwamfutar ta matsar da shi, ka duba ka ga wayam ka fara tunanin ko kunnenka ne, ranar da kwamfutar take a kashe kuma komai ya taru a inbos ka ce filta ta lalace.

Ni dai yadda na koma yi yanzu, na sauya tambayar da nake yi wa kaina kafin in kafa filta. Da ina tambayar wannan saƙon na wane fanni ne, yanzu ina tambayar in ya kwana uku ban gani ba akwai asara? Talla, jaridun da ake turowa duk mako, rasit na abin da na riga na san na saya, saƙonnin rukunin da ake ta muhawara, waɗannan su wuce folda abinsu, shirun wayar a kansu ma rahama ce. Amma saƙon maigidana a wurin aiki, na banki, na duk inda na nemi wani abu nake jiran amsa, waɗannan ko dai su zauna a inbos a sa musu tuta ko lakabi, ko in na kai su folda to in tabbatar foldar na cikin biyu ko ukun da na kunna wa dubawa da sanarwa. Ban kunna wa duka ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya kunna wa duka, don bayan batir akwai data, folda mai cike da takardu da hotuna in ta fara saukowa kan datar waya za ka ji a jikinka, gara ka saita a sauko da kan saƙo kawai a bar abin da aka liƙa sai ka taɓa.

Kuma duk setin da ka yi kar ka yarda da shi sai ka gwada. Ka sa wani ya turo maka saƙon da zai faɗa cikin filtar, ko ka turo wa kanka daga wani akawun, ka kashe allon wayar ka ajiye ta ba a caji ba, ka ba ta kamar minti 20 zuwa 30 ba ka taɓa ba, don gwajin da aka yi manhaja tana buɗe a hannu ba ya nuna komai. In ta yi ƙara shikenan. In ba ta yi ba ka shiga foldar ka gani, in saƙon na nan tun kafin ka ja allo to makunnin sanarwa ne a kashe, in kuwa sai da ka ja sannan ya shigo to ba a duba foldar ne, ko kuma mai tsimin batirin wayar ya kashe manhajar, sai ka je setin batir ka cire ta daga cikin waɗanda ake takurawa ka sake gwadawa.